Iskar da Aka Tare wa Muktari

Duk wanda ya taɓa aiki cikin ramin haƙar yuraniyom a Arlit yana da yadda yake auna ƙirjinsa a ɓoye, ba sai ya tsaya gaban likita ba. Wani jarkar ruwa yake ɗauka daga famfo zuwa gida, ya ga ko zai sauke a hanya. Wani yakan ja doguwar sura a sallar asuba, ya ji inda numfashi zai yanke masa. Muktari kuwa keke ne ma'auninsa. Tun yana shef, wato shugaban ma'aikata, a ƙarƙashin ƙasa, zamanin da kamfani ke raba wa ma'aikata kekunan tsere da riguna masu ɗame jiki don su motsa jini ranar Lahadi, ya yanke wa kansa hukunci: muddin ya bi ayari har gindin aduwar nan ta gefen hanyar Agadas, ya dawo gari tare da kowa, to huhunsa ƙalau yake. Likita ya riƙe na'urarsa, ya je ya tsorata waɗanda ba su iya taka feda ba.

Aka wayi gari an rufe ramin. Aka sallami mutane da ɗan abin da aka sallame su da shi, aka haɗa wa kowa da kati mai hotonsa. Da katin nan za ka shiga asibitin ma'aikata a duba ka kyauta, a ɗauki hoton ƙirjinka, in an ga abin da ya fi ƙarfin nan a tura ka Yamai, ba ruwan aljihunka. Amma katin yana da wa'adi, kuma na Muktari zai cika ne a ƙarshen watan nan. Matarsa 'Yargata tana riƙe da ranar a kanta, domin tarin da yake yi da asuba ita yake tayarwa tun kafin ladan.

"Baban Maryama, wanga tari naka ba na mura ba na," in ji ta da harshenta na mutanen Tawa, tana zuba masa kunu. "Ka tahi a yi maka hoto tun katin na da rai. Mi kaka tsoro?"

"Tsoro? Ni?" Ya yi dariya, dariyar ta zarce ta zama tari, ya haɗiye shi da kunun. "Mutumin da ke zuwa aduwa ya dawo duk Lahadi? Je ki tambayi masu ciwon ƙirji ko suna iya kaiwa kasuwa a keke."

Gaskiya ita ce tsoron yana nan, sai dai ba na ciwon ba ne kaɗai. Ana ta raɗe-raɗin 'yan kwangila za su ɗauki tsofaffin ma'aikata aikin binne tsaunukan tarkacen da aka tara a bayan gari, kuma wai duk wanda hotonsa ya nuna tabo an cire shi ke nan. Ba wanda ya ga wannan doka da idonsa. Amma a shekarun nan Arlit da ji-ta-ji-ta take karin kumallo. Yau a ce Turawa sun tattara sun tafi, gobe a ce wasu baƙin na kan hanya. An rufe iyaka, manyan motocin da ke hana mutane barci sun yi shiru. Sabon ramin Imouraren ɗin da aka yi shekaru ana cewa yaran gari su yi haƙuri har a buɗe, ya koma labarin shan shayi. Mutum mai 'ya'ya a makaranta, in an ce masa tabo ɗaya zai raba shi da aikin da bai ma samu ba tukuna, sai ya gwammace kada a duba.

Abin da ya rage wa Muktari na sarauta shi ne ayarin Lahadi. A da sun fi ƙarfin faɗin hanya, yanzu su huɗu ne: shi, da Zayyadu makaniki, da Ahmudu wanda ya yi aiki a ɗakin da ake raba wa masu shiga rami fitilu, sai Ghissa, mutumin Gougaram, ƙarami a cikinsu. Muktari ne ya ɗauke shi aiki a rami, shi ya fara ɗora shi a kan keken tsere, lokacin da in ban da raƙumi bai san hawan komai ba. Tun da aka sallame su Ghissa ya kama lambu a gefen gari, yana noman tumatir da salad.

Kuma fa Muktari ya iya bakinsa. Keke ya zame masa makaranta, duk abin da duniya ta yi sai ya samo fassararsa a hanyar Agadas. In Ahmudu ya yi ƙorafin tsadar shinkafa, sai ya ce masa in ka shiga yashi kada ka ƙanƙame kan keke, ka sassauta hannu ka bar taya ta nemi hanyarta, mai ƙanƙamewa shi ke faɗuwa. In Zayyadu ya ce ya gaji da jiran 'yan kwangila, sai ya ce in hawa ya yi tsawo ba a kallon ƙarshensa, a rage giya a ci gaba da juya ƙafa. Maganganun ba laifi, wasu ma har da amfani. Illarsu ɗaya, mai yin su ya fi kowa jin daɗinsu, kuma mutumin da ke sauraron kansa haka ba ya jin abin da ƙirjinsa ke faɗa.

Ayarin keke yana da tsari. Ana jerawa ne ɗaya bayan ɗaya, taya kusa da taya. Na gaba shi ke karɓar iska da ƙirjinsa, na baya suna laɓe a jikinsa suna tafiya da rabin wahala. In na gaban ya gaji sai ya kauce ya koma ƙarshe, mai bi masa ya karɓa. Haka ake yi, kowa ya ɗanɗana. Haka su ma suke yi har damunar bara, ranar da Zayyadu ya tsaya a bakin gari yana gyara safar hannu, ya ce, "Shef, wani abu na ga ba daidai muke yi ba. A rami ma ai ba kai ke riƙe injin huda dutse ba, kai ke dubawa. Ka zauna tsakiya kana ganin kowa, ka riƙa ba mu oda. Gaba aikin yara ne."

Muktari ya shafa gemu, ya ce lallai maganar tana kan hanya, ya ma daɗe yana lura layin ba ya miƙewa. Daga ranar bai sake yin gaba ba. Yana tsakiya, Zayyadu ko Ahmudu na gabansa, in iska ta juyo ta gefe sai Ghissa ya matso ya jera da shi ta wannan gefen, wai yana so ya ji darasi da kyau.

Ghissa ɗin nan kuwa ya ishe shi. Mutum ya ƙi hular kwano, ya ce shi da rawaninsa zai hau, kuma rawanin ba ya zama. Da an fara ɗan hawan nan na bayan shingen jandarmomi, inda numfashin Muktari kan fara yin wata ƙara siririya, sai ka ji Ghissa daga gefe: "Ku tsaya, ku tsaya, rawani ya kwance!" Dole kowa ya sa ƙafa a ƙasa, don ba a barin mutum a hanya. Shi kuma ya tsaya yana warwarewa yana naɗawa a tsanake, sai ka ce ango.

"Kai dai ba za ka taɓa zama ɗan tsere ba," Muktari kan ce, yana jingine da kan keke, yana maida numfashi ba tare da ya lura yana maidawa ba. "Kullum a nan wurin! Ka sayi fil mana."

"Iska ne ya yi yawa, Shef," in ji Ghissa. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

A Lahadin ƙarshe kafin wa'adin katin ya cika, suka je aduwa suka dawo kamar kullum. Muktari ya ja Ghissa gida su sha fura, don yana so matarsa ta gan shi da gumi a goshi da shaida a gefe. Suna zaune a kan tabarma a inuwar katanga, 'Yargata ta kawo kwanon, ta ajiye, amma ba ta koma ba. Ta tsaya riƙe da ludayi.

"Ghissa, don girman Allah in tambaye ka. Kai ad da shi bisa hanya, ni ban gani. Wanga mutum, yaya numfashinai in kuna tahiya? Ka hwaɗa mini gaskiya, katinai ya kusa mutuwa."

Ghissa ya ja bakin rawaninsa ya rufe hanci, ya sunkuyar da kai yana kallon saƙar tabarma. A inda ya tashi, namiji ba ya faɗin raunin namiji a gaban matarsa, balle babba, balle wanda ya koya maka sana'a, yana zaune kusa da kai kuna shirin sa hannu a kwano ɗaya. Wanda ya yi haka ya zubar da mutuncin mutum biyu. Muktari na murmushi, yana kaɗa ƙafa.

"Shef ƙarfi gare shi, Madam," in ji Ghissa daga cikin rawani. "Bai taɓa zama baya ba."

"Kin ji ko?" Muktari ya buga cinya. "Kin ji da kunnenki. Ni nake jiransu ma, wannan da rawaninsa."

'Yargata ta dubi Ghissa, shi bai ɗago ba. Ta ajiye ludayin a kan faifai ta shige ɗaki. Ranar ƙarshen wata ta ɗora katin a gefen kofin shayinsa. Ya ɗauka, ya kalli hoton kansa na lokacin da kumatunsa ke cike, ya ce Allah sarki ƙuruciya, ya jefa shi a aljihu ya tafi majalisa jin ko akwai labarin 'yan kwangila. Babu labari. Wata ya mutu, kati ya bi shi.

Daga nan ayarin ya watse, kamar yadda komai ke watsewa a garin, ba sallama mai tsawo. Zayyadu ya samu masu haƙar zinariya a can arewa suna neman mai gyaran janareto, ya ɗaure kayan aikinsa ya bi su. Ahmudu ya sayar da kekensa ya kwashe iyali ya koma Maraɗi, ya ce gara ya ci wahala a inda aka san kakansa. Muktari ya raka shi tasha da darasi, ya ce wanda ya sauka a tsakiyar hawa sai ya fi shan wuyar sake hawa. Ahmudu ya rungume shi ya daɗe bai sake shi ba, har Muktari ya ji abin ya yi yawa.

Lahadi ta zagayo. Muktari ya sa rigarsa mai ruwan ɗorawa wadda rana ta cinye launinta, ya tsaya a mahaɗarsu ta bakin gari. Ghissa bai zo ba. Wani mai amalanke da ya fito daga wajen lambuna ya ce masa an sauya musu ranar ruwa, yau ne rabon Ghissa, in ya bari ya wuce shukarsa ta ƙone. Ghissa ya aiko a ce Shef ya yi haƙuri ya huta yau, sa je mako mai zuwa.

Ya huta? Muktari har daɗi ya ji. Yau ba mai tsayar da shi da rawani. Zai je aduwa ya dawo kafin rana ta yi zafi, ya biya ta lambun ya nuna wa yaron yadda ake yi.

Tsakanin gidaje tafiya ta yi daɗi. Da ya wuce katangar ƙarshe, fili ya buɗe, iska ta taho daga gabansa ta dafe masa ƙirji. Ba wata guguwa ba ce, iskar safiya ce irin wadda ke kaɗa riga a kan igiya. Ya sunkuya ya taka. Ya rage giya. Ya sake ragewa. Kwaltar ta farfashe, yashi ya kwanta a kanta wuri-wuri, ya sassauta hannu kamar yadda yake koya wa mutane, taya ta nemi hanyarta, amma ƙafafun sun yi nauyi. Ya wuce shingen jandarmomi, ya ɗaga musu hannu don kada su ga komai. Da ya kama ɗan hawan, sai ƙarar nan siririya ta taso, kuma yau ba hirar kowa da za ta rufe ta. Yana jan iska kamar mai zuƙa ta cikin kara, yana ja ba ta isa. Gefen idanunsa ya yi duhu. Ya sa ƙafa a ƙasa.

Keken ya fara zargi. Ya ɗaga shi ya juya ƙafar gaba ko birki na kamawa, ta yi ta juyawa sumul har ta gaji don kanta. Ya duba sarƙa, da manta. Sai tarin ya zo, ya durƙusar da shi a gefen hanya, ya daɗe yana yi. Abin da ya tofar ya dube shi sau ɗaya, ya tura masa yashi da takalmi. Ya ɗaga kai ya duba kudu. Ko alamar aduwar ba a hangowa daga nan.

Da ƙirjin ya lafa ya juya keken ya hau, ya nufi gari. Yanzu iskar tana bayansa, tana tura shi. Feda ta yi laushi, numfashi ya daidaita, keken na tafiya kamar da kansa. Ya san wannan sauƙin. Shi ne sauƙin da yake ji duk Lahadi tun damunar bara, yana zaune a tsakiya yana ba da oda. Ya tuna a daidai ina rawanin ke kwancewa. Kunya da fushi suka taso masa a haɗe.

Ya sami Ghissa cikin lambu, wando a naɗe, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya daga wannan fangali zuwa wancan. Da ya ga rigar mai ruwan ɗorawa da fuskar da ke samanta, sai ya bar fartanyar a tsaye cikin laka.

"Shef, kai kaɗai ka tafi? Na aiko a ce ka huta."

"Tun yaushe?"

"Zauna ka sha ruwa tukun."

"Na ce tun yaushe kuke ja na a hanya kamar tsohon jaki?"

Ghissa ya goge hannu a riga. "Tun damina na bara. Zayyadu ya fara ji. Yana bayanka a hawa, ya ce ƙirjin Shef yana kuka. Muka yi shawara."

"Kuka yi shawara. Rawanin fa?"

"Rawani na bai taɓa kwance ba, Shef. Tun ina yaro nake naɗa shi bisa raƙumi yana gudu."

Ruwa ya cika fangalin ya fara tsallake kunya yana malala a banza, ba wanda ya kula.

"Matata ta tambaye ka," in ji Muktari. "Ta haɗa ka da Allah. A lokacin katin yana da rai. Kalma ɗaya, Ghissa. Da yanzu an ɗauki hoton, da ko Yamai ne an kai ni."

"A gaban matarka? Kana zaune, in ce mijinki ya ƙare? Baki na ba ya iya wannan, Shef. Ko an sa mini wuƙa."

"To ni kaɗai fa? Ba ka san hanyar majalisa ba? Ba ka san gidana ba?"

"Na zo. Ba sau ɗaya ba na zo." Ghissa ya kau da kai wajen tumatirinsa. "In na zo sai in same ka kana ba mutane darasi, kana dariya. Duk garin nan kai kaɗai ka rage kana dariya. Aiki ya tafi, mutane ya tafi. Muka ce a bar maka Lahadi."

Muktari ya zo da zagi cike da ciki, ya rasa wanda zai ɗora wa. Mutanen nan sun sha iskar da ya kamata ya sha, mako bayan mako, da nasu ƙirazan da su ma rami ya taɓa, don ƙauna. Ƙaunar ce ta cinye masa katin. Kuma wa ya ce keke ne likita? Ba Zayyadu ba ne, ba Ghissa ba ne. Da sun ƙi shi, da sun bar shi a baya tun bara yana haki shi kaɗai a hawan nan, da ya tsorata da wuri. Bai taɓa sanin ana iya cutar mutum da kirki har haka ba.

Ya juya keken. Hanyar gida daga lambu tana fuskantar iska. Ya ɗora ƙafa a feda, tarin ya sake taso masa, ya sauke.

"Tsaya in ɗauko nawa," in ji Ghissa da sauri. "In shiga gabanka, in kai ka gida."

"Ka tare mini iska haka nan," in ji Muktari. "Je ka kama ruwanka, yana zuba."

Ya tafi a ƙasa yana tura keken, yana tsayawa a inuwar katanga in numfashi ya ƙare, yana yi kamar mai duba sarƙa in wani ya zo wucewa. Rana ta take sosai kafin ya kai ƙofar gida.

'Yargata na tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Tun da aka kawo ta garin nan amarya ba ta taɓa ganin mutumin nan ya shigo yana tura keke ba, kullum a kansa yake shigowa har gindin randa, yana kaɗa kaji. Ta dubi ƙurar da ta hau masa ƙafa har gwiwa, ta dubi leɓɓansa.

"Lahiya? Mi ya hwaru?"

"Taya ce ta sace," in ji shi, ya jingine keken a bango, ya zauna a kan turmi yana kallon ƙasa.

Ta ajiye farantin ta tashi. Ta je ta danna tayar gaba da babban yatsa, ta ji ta tauri kamar dutse. Ta zagaya ta tsuguna ta danna ta baya. Ba ta ɗago ba. Tana nan tsugune ta ba shi baya, tana dannawa, tana sake dannawa, ko Allah zai sa ta lotsa.